Alhaji, kafin ka fara sayar wa maƙwabta wutar sola

Wani ɗan kasuwa daga Kano ya aiko da tambaya. Yana sayar da lemo da ruwan sanyi, firiza huɗu gare shi, kuma janaretansa na shan lita 10 na fetur kullum. Yana so ya zare wani kaso daga jarinsa ya kafa sola babba, ya ja waya zuwa shaguna 20 na layinsu, yana karɓar kuɗin wuta. Tambayarsa ita ce, akwai ci a harkar?

Alhaji, akwai ci, amma ba a inda kake hange ba.

Mu fara da aljihunka. Ƙaramin janaretan fetur, ko lafiyarsa ƙalau, da ƙyar lita ɗaya take ba da yunit 2 na wuta. In ka sayi lita a naira 900, kowane yunit ya tsaya maka a 450 ke nan, ban da baƙin mai da kuɗin mai gyara. Masu layin Band A, wato rukunin da ya fi samun awannin wutar gwamnati, da aka yi ta kuka lokacin da aka ɗaga musu farashi zuwa naira 225 a Afrilun 2024, rabin abin da kake biya aka sa musu a lokacin. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, mai janareta ne ke shan wuta mafi tsada a ƙasar nan. Naira dubu 9 kake ƙonawa kullum, kuma ita ce ribar farko da sola za ta dawo maka da ita, ba tare da ka bi kowa bashi ba.

To, maƙwabta fa? Shagon atamfa ko na takalma abin da yake kunnawa fanka ɗaya ce, ƙwai biyu, da cajin waya. Daga safe zuwa la'asar bai fi yunit guda ba. Shaguna 20, yunit 20. In ka sayar a 400, dubu 8 ke nan a rana, idan kowa ya biya. Ka ga duk layin gaba ɗaya bai wuce firizojinka huɗu ba, ga kuɗin waya da mita da yawon karɓa. Abokan cinikin da ke riƙe irin wannan harka su ne masu aiki da wuta da rana tsaka: tela mai keken lantarki, mai fotokwafi, mai aski, mai ƙanƙara. In babu irinsu a layinku, ribar siririya ce.

Abin da ke gefenka shi ne kasuwa da rana take ci. A ƙaramar tashar sola, farantan ba su ne matsala ba, suna kai shekara 20 suna aiki. Batir ne ke cin jari. Na ruwa, a zafin Kano, shekara biyu zuwa uku ya fara gajiya. Na litiyam ya fi daɗewa nesa, amma sai ka ji a jikinka ranar saye. Wanda ke ba unguwa wutar dare dole ya tara batura, kai kuwa wutarka daga rufi take saukowa kai tsaye zuwa firiza. Ka daskarar da kaya da rana, ka bar murfi a rufe da dare, ƙanƙarar ta zama batir ɗinka. Sai dai ka gaya wa mai haɗawa cewa firiza huɗu ne, don injin firiza na fizgar wuta ninki uku ko fiye lokacin tashi, kuma ƙaramar inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar sola irin wadda kayan gida ke amfani da ita, ba ta jure wannan.

Akwai abin da masu talla ba sa ambata, wato rufi. Kilowat ɗaya na faranti yana ba da yunit 4 zuwa 5 a rana a yankinmu. Kai da maƙwabta kuna buƙatar yunit 40, wato kimanin kilowat 10, faranti manya wajen 18. Kwanon shagonka kaɗai ba zai ɗauka ba. Na wa za ka hau? Shagon naka ne ko haya? Na taɓa ganin wanda ya kafa farantai a rufin haya, shekara na zagayowa mai shago ya ninka kuɗi, don ya san ba za a kwashe cikin sauƙi ba. Sannan in hazo ya sauka, sai an sa yaro yana hawa da tsumma yana share ƙura, in ba haka ba wuta ta yi ƙasa kana zargin batir. Lokacin marka a Agusta ma haka. Kada ka sayar da janaretan.

Ba kai ne farkon mai wannan tunani ba. Bayan gobarar da ta cinye dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari a 2016, hukumar samar da lantarki a karkara, REA, ta shigo da tsarin sola a kasuwar ta hannun kamfani mai zaman kansa. Bankin Duniya kuma ya amince da dala miliyan 750 a ƙarshen 2023 don shirin DARES na ƙananan tashoshi da sola. Kuɗin nan ta hannun kamfanonin da suka cika sharuɗɗa yake bi, ba ɗan kasuwa ɗaya ake miƙa wa ba. Amma yana nufin wata rana babban kamfani na iya sauka a kasuwarku da farashin da ba za ka iya karawa da shi ba. Wutar gwamnati ma tana iya gyaruwa a layinku. A Oktoban 2024, da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, Arewa ta yi fiye da mako a duhu, kowa na neman sola ido rufe. Lissafin da aka yi a irin wannan mako ba ya riƙe shekara.

Batun doka gajere ne. Sola don kanka ba ruwan kowa. Da ka fara sayarwa, ka shiga ƙa'idojin NERC, hukumar da ke kula da harkar lantarki: tashar da ba ta wuce kilowat 100 ba rajista take yi, wadda ta haura sai da izini. Inda wayoyin KEDCO, kamfanin rarraba lantarki na Kano, suka riga suka kai, sai an yi yarjejeniya da su. Ka kuma zauna da shugabannin kasuwa tun kafin ka ja waya ko ɗaya.

Shawarata, ka kafa wadda za ta ɗauki firizojinka kawai, da inbata mai ɗan sarari don ƙari nan gaba. Kada ka taɓa uwar kuɗi har kaya su ragu a shago lokacin bazara, lokacin da ruwan sanyi ke tafiya. Gara ka nemi masu ba da sola a biya kaɗan-kaɗan, kuɗin fetur ya riƙa biya. In ta yi wata shida lafiya, ka ɗauki maƙwabta uku ko huɗu, kowa da mitar kati, a biya kafin a sha. Kuɗin wata bai-ɗaya shi ke sa wani ya jona hita ko dutsen guga a bayan kanta, kai kuma kunya ta hana ka yanke wa wanda kuke sahu ɗaya a masallaci.

Kafin nan, ka sayi ƙaramar mita ka ɗaura a bakin janareta, ka riƙa rubuta lita da yunit kullum har wata guda. Ka kawo mini littafin, mu fitar da girman da ya dace da kai.