Amsa: Na'urar CT ta asibiti da ƙarfen injin casar shinkafa

Malam, ka tambaya ko na'urar CT ta asibiti, wato mai ɗaukar hoton cikin jiki da hasken eksire, za ta iya nuna tsagewa a cikin ƙarfen injin casar shinkafarka a Argungu. Da wuya ta yi, domin ƙarfin lantarkinta yawanci ba ya wuce kilobolt 140, kuma ƙarfe mai kauri yana shanye hasken eksire kafin ya ratsa shi. Ta masana'antu takan kai kilobolt 450, kuma a cikinta kayan ne ke juyawa a kan faifai ana ɗaukar hotuna masu yawa, sannan kwamfuta ta haɗa su ta fito da ramukan iska da tsagewar da ke ɓoye. A ganina, idan tsagewar a saman ƙarfen take, gwajin rini, wato shafa wa ƙarfen rini ya shiga tsagewar don a gan ta, ya fi araha.