Ga mai son zuwa Birtaniya karatun tarihin tsarin mulki

Ƙanena, ka tambaye ni wace jami'a ce ta fi koyar da tarihin tsarin mulki a nan. Ba kai ne na farko ba. Dakata tukuna, kada ka ba ejan ko kwabo.

Da wuya ka sami digiri mai wannan suna. A da can, bayan zamanin su Stubbs da Maitland, manyan masana tarihin tsarin mulkin Ingila, darasi ne na dole ga ɗaliban tarihi a Oxford da Cambridge. Yanzu an yayyanka shi: wani yanki yana sashen shari'a, wani a tarihi, wani a kimiyyar siyasa. Saboda haka sunan kwas ba zai gaya maka komai ba. Buɗe jerin darussan shekarar da za ka shiga, ka rubuta wa sashen ka tabbatar malamin yana nan, domin idan ya tafi hutun bincike darasin yakan tafi tare da shi, kai kuwa ka riga ka biya.

Ƙasar nan ba ta da kundi guda irin namu na 1999. Za a haɗa ka da Magna Carta ta 1215, yarjejeniyar da ta taƙaita ikon sarki, da dokar haƙƙoƙi ta 1689, da dokokin 1911 da 1949 da suka rage wa majalisar dattawa ta Lords ƙarfi, da hukuncin kotun ƙoli na 2019 da ya soke rufe majalisa da Boris Johnson ya yi, ga kuma al'adun mulki da ba a rubuta su a doka ba. Nan yaranmu suke tuntuɓe, abin yana ƙona mini rai. Sun zo da hadda, malami kuwa hujja yake nema. Ka zayyano shekaru ba kuskure ko ɗaya, a ba ka maki hamsin da ɗoriya. In kuma zamanin da can za ka bincika, sai da Latin.

Shawarata, ɗauki abin da ka fi Bature sani. Takardun ofishin mulkin mallaka kan tsare-tsaren mulkin Najeriya, wato tsarin Richards na 1946, Macpherson na 1951, Lyttelton na 1954 da tarukan London na 1957 da 1958 suna ajiye a gidan adana takardu na Kew, shiga kyauta.

Digiri na biyu yawanci shekara ɗaya ce tak, ba lokacin gyara kuskure. Aiki awa 20 a mako lokacin karatu ba zai biya maka kuɗin makaranta ba. Tun Janairun 2024 kuma, in ba digirin bincike ba ne ko gwamnati ce ta ɗauki nauyinka, ba ka zuwa da iyali. Ka gaya wa amarya tun yanzu.