Ba dole sai an gada ba

Malam, ka tambaya wai ko dole sai mutum ya gada yake zama mawaƙi. A'a wallahi. Shata bai gada ba, tallan goro ya fara yi, mahaifinsa ma bai so waƙar ba, amma har Shatan ya rasu a 1999 yana tare da masu kalangunsa. Ɗanƙwairo kam gado ne, da amshi ya fara a gidansu.

Mu nan ƙauyenmu wajen Ringim akwai wani tsoho mai gangar noma, da damina in an yi gayya shi ke bin samari kunya-kunya yana zuga su, da rani kuma ɗinkin hula yake a gindin dalbejiya. 'Ya'yansa duk sun ƙi gangar, babban ma adaidaita sahu yake ja a Kano.