Rishon sipirit: wutar da ido ba ya gani

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mu huɗu ne za mu yi tafiyar ƙafa ta kwana biyu a duwatsun Rano zuwa bakin Tiga. Na haɗa ƙaramin risho da gindin gwangwanin lemo guda biyu, mai cin sipirit, don kada mu ɗauki tukunyar gas. Da na gwada shi a tsakar gida da rana, sai na ga kamar wutar ta mutu. Na ɗauko kwalba zan ƙara, yayana ya cafke min hannu. Tun daga nan gabana yake faɗuwa. Wani abokina kuma ya ce in sirka da fetur. Abin nan yana da hatsari ne? Kuma sipirit nawa zai ishe mu?
Daga wani matashi a Kabuga, Kano

Amsa: Wa alaikumus salam. Ka gode wa Allah, ka kuma gode wa yayanka, domin wutar nan ba ta mutu ba. Harshen wutar sipirit shuɗi ne mai haske-haske, ba hayaƙi, ba ƙara, kuma a ranar Kano ba za ka gan shi ba ko ka zura ido. Da ka tuttula, wutar za ta bi zaren sipirit ɗin ta hau zuwa bakin kwalbar. Cikin kwalbar da ta yi rabi akwai tururi gauraye da iska, shi ne zai kama, ya feso sipirit mai ci da wuta waje kamar an matsa tiyo. Yawanci ma ba mai zubawar yake fara samu ba, wanda ke tsugune a gabansa yana jiran shayi ne.

Wannan kuskuren na "ai ta mutu, bari in ƙara" shi ya fi kowanne ƙona mutane, amma masu koyar da haɗa rishon a TikTok ba su da lokacin faɗa. Su dai a huda gwangwani, a kunna da dare, wuta ta yi kyau a hoto. Sipirit yana fitar da tururin da ke kama wuta tun daga zafin digiri 13, mu kuwa a watan Afrilu muna haura 40. Saboda haka ba a gane mutuwar wuta da ido. Ka kifa gwangwanin da ya fi rishon faɗi a kansa, iska ta yanke, ka jira har sai ka iya ɗaukar rishon da hannu ba ka ji zafi ba. Sannan ka auna abin da za ka zuba a murfi ko sirinji, ka rufe kwalbar, ka ajiye ta taku uku daga wurin, kafin ka ƙyasta ashana. Kada bakin kwalba ya taɓa kusantar risho. Ko an ce maka Indomie ta kusa nuna, ɗan kaɗan ya rage, a haƙura.

Maganar fetur kuwa, abokinka bai san abin da yake faɗa ba. Fetur a buɗaɗɗen gwangwani ba girki yake yi ba, tashi yake yi gaba ɗaya. Kananzir ma baƙin hayaƙi kawai zai ba ka. Ka nemi sipirit na kemis mai ƙarfi, kashi 90 zuwa sama; mai kashi 70 ruwa ya yi masa yawa, wutarsa ba ta da kuzari. Kada ka zuba shi a robar ruwan sha da ba rubutu, domin akwai metanol a ciki, wanda ke makantarwa, yana kuma kisa.

Lissafi: cokali biyu na cin abinci, wato mililita 30, yana tafasa rabin lita na ruwa cikin minti 7 zuwa 10. Ku huɗu, in kowa zai ci lita ɗaya ta ruwan zafi a yini, kusan rabin lita na sipirit ke nan a kwana biyu. Ka ɗauki mililita 750, saboda iskar kan dutse tana cinye mai. Ka kewaye rishon da falle na alminiyom, ka bar ƙofar iska a ƙasa, tazarar gindin tukunya da risho kamar santimita 3. Risho ɗaya ya yi muku kaɗan, ku yi biyu. Shayi, kunu, taliya da ƙwai ne aikinsa, ba wake ba.

Ku share busasshiyar ciyawa ku girka a kan falalen dutse ko ƙasa mai lebur, musamman da hunturu, kuma ban da cikin tanti, saboda gobara da iskar guba marar wari. In rishon ya kife, ku rufe da yashi ko jiƙaƙƙen tsumma. In wani ya ƙone, a zuba masa ruwa mai sanyi, ba ƙanƙara ba, na minti 20, a cire zobe da agogo kafin wurin ya kumbura. Ban da makilin, ban da ɗanyen ƙwai, manja ko tawada, duk wanda ya kawo shawarar. Ƙunar da ta kai faɗin tafin hannu, ko ta taɓa fuska ko yatsu, a katse tafiyar a nufi asibiti.