Amsa: Sanyin ƙafa a farautar hunturu

Ɗan'uwa, ka tambayi yadda za ka hana ƙafafunka sandarewa idan kun kwana farauta a duwatsun Mandara cikin hunturu. Abin yi shi ne ƙafa ta kwana a bushe: ka sa safar ulu maimakon ta auduga, ka ajiye wata busasshiya a jaka, kuma takalmin ya zama wanda yatsu ke motsi a cikinsa, domin matsattse yana rage gudun jini.

A Disamba da Janairu, a kewayen Mokolo, garin da ke cikin duwatsun nan a arewacin Kamaru, mutum kan yini yana tafiya ƙafa na gumi, musamman cikin takalmin roba, sai dare ya raba auduga ta riƙe danshin ta mayar da shi sanyi. Saboda haka da kun yada zango ka tuɓe takalmi, ka goge tsakanin yatsu, ka canza safa, ka shimfiɗa buzu ko busasshiyar ciyawa. Amma idan ƙafar ta kai ba ka jin ta, kada ka miƙa ta bakin wuta, don tana iya ƙonewa ba ka sani ba. Ka ɗumama ta cikin bargo.