Ku Tambayi Kawu: Kiɗin jiya da mawaƙan da sunka wuce

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Saƙonnin wanga wata galibi kan kiɗi da waƙa sunka zo, to ga waɗanda fili ya ɗauka.

TAMBAYA: Salamu alaikum Kawu. Ni ɗan lakwal ne nan Tawa, kakana yana da rediyo mai kaset da ba ya rabuwa da ita, in ya sa waƙa sai ya ce wanga kiɗin fada ne, wanga na noma ne, wanga na 'yan dambe, ni ko wallahi duk ɗaya nike jin su, ganga ce kawai da tsoho yana ta magana. Ta yaya ake gane bambancin?
Ɗan lise, Tawa

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana, Allah shi yi ma albarka, shi ja kwanan tsoho. Abin da ya sa kake jin su ɗaya, kai ka tashi da waƙar da anka yi don kowa da kowa, ta shigo salula yau gobe wata ta ture ta, su ko mutanen wancan zamani ba su kiɗi haka kawai, kowane kiɗi akwai mai shi. Don haka in waƙa ta tashi ka tambayi kanka abu biyu, da mi ake kiɗin, kuma wa ake ma shi.

Fara da fada tunda ita tsoho ya fara ambata. Kayan kiɗinta kotso da taushi, da hannu ake buga su ba da makaɗi ba, shi ya sa sautin ke fita a natse, ga 'yan amshi suna karɓa, wani lokaci su suke ƙarasa maganar da ubangidansu ya fara. Mawaƙin fada sarki guda yake bi, ya yabi asalinshi da iyayenshi, ya yi ma 'yan'uwan da ke neman sarautar habaici da zambo, kuma wanda bai san tarihin gidan ba rabin waƙar zai wuce shi. Nan ne za ka samu Ibrahim Narambaɗa na Sarkin Gobir na Isa, da Salihu Jankiɗi na fadar Sakkwato, da Musa Ɗanƙwairo Maradun da ya rasu a 1991, a nan gida kuma Ma'azu Ɗan Alalo na Damagaram. Tambari da kakaki da algaita su ma na sarauta ne, amma su sai ran hawa ko naɗi.

Kalangu kuwa asalinshi na mahauta ne, ana matse shi a hammata ana sassautawa har ya faɗi magana, mai kunne ya ji takenshi daga nesa ya san da shi ake. Daga baya ya zama na kowa, da shi Mamman Shata ya yi duniya, da shi kuma Ɗan Anace ya riƙa zuga 'yan dambe. In ka ji kiɗi da zafi, ana kiran mutuwa da kabari ana ce ma mutum kada ya ja baya, wannan na maza ne, dambe ko tauri irin na Kassu Zurmi, ko kokowa da mu nan Nijar munka fi sani da muryar Sagalo. Kuma kai ɗan Tawa ya kamata ka san gasar kokowa ta ƙasa a garinku anka fara ta a 1975, Kantu na Maraɗi ya zama zakara.

Gangar noma babba ce, ta gayya, makaɗi na bin manoma kunya kunya yana kiran sunan wanda ya wuce sa'o'inshi. Maƙera na da dundufa, maharba na da komo, goge da garaya an fi sanin su wajen bori ko da yake goge ya shiga biki da gidajen rawa. Sai masu tsirkiya da ke waƙar zaman duniya, Ɗan Maraya Jos da ɗan kuntiginshi mai tsirkiya guda shi kaɗai ba 'yan amshi, ya yi ma ƙaramin ma'aikaci da ma'aurata waƙa har ya rasu a 2015, da Haruna Uji mai gurmi. Shawarata, ran da tsoho ya sa kaset kada ka tashi, zauna ka ce Kaka wa ake ma wagga waƙa, mi ya haɗa su, za ka sha labarin da babu shi a littafin lakwal ɗinku.

TAMBAYA: Kawu ina wuni, ya iyali. Abin da ke damuna duk sanda anka yi hirar tsofaffin mawaƙa sai in ji Shata, Ɗanƙwairo, Narambaɗa, duk 'yan Najeriya. Mu Nijar ba mu da namu ne? Kuma ina mata a ciki?
Wata uwargida, Bukoki, Yamai

AMSA: Lafiya lau Hajiya, Allah shi bar zumunci, kin taɓo inda ke yi mani ciwo. Da farko dai waɗanga mutane ba baƙi ba ne gare mu, iyaka ba ta raba kiɗi ba, Gobir da Katsina suna nan suna can, Narambaɗa kanshi mahaifinshi mutumin Filinge ne. Amma gaskiyarki, sunansu ya fi tafiya, kuma dalilin a fili yake, can akwai rediyon Kaduna da ake kamawa har ƙauyukanmu, akwai kamfanonin faifai, akwai kasuwar kaset ta Kano, ga jami'o'i da sunka zauna sunka rubuta waƙoƙinsu, Shata har digirin girmamawa jami'ar Zariya ta ba shi. Mu namu galibi Muryar Sahel kaɗai ta ɗauke su, wanda bai samu zuwa Yamai ba kuma muryarshi ta bi shi kabari, wannan abu yana ƙona mani rai ƙwarai.

Muna da su Hajiya. Ɗan Gurmu na Tawa, wanda anka sa ma gasar kiɗin zamani sunanshi a ƙarshen shekarun 1980, gasar da ta fito da matasa da yawa sunka daina kwaikwayon waƙar waje sunka koma Hausa da Zabarmanci. Malam Mamman Barka, mushen lakwal ne da ya ɗauki gurmi ya yi suna, daga baya ya tafi bakin tafkin Cadi wajen Buduma ya koyo biram mai tsirkiya biyar a hannun tsohon da ya rage yana kaɗa ta, ya kai ta har Turai, ya rasu a 2018. Sa'adu Bori na Maraɗi da ya ɗauko kiɗin bori ya ɗora kan gita, ya rasu a haɗarin mota a 2008. Alhaji Taya wanda cibiyar koyar da kiɗi ta Yamai ke ɗauke da sunanshi, Musa Pusi, Yakuba Mumuni mai sarewa da ƙungiyarshi Mamar Kassey da sunka kafa a 1995, ga Mamman Sani da ya yi kiɗin ogan tun 1978, jama'a sun daɗe suna jin shi a rediyo da tele ba su san mai shi ba. A gefen Abzinawa kuma Abdalla Umbadugu da gitarshi. Zamanin Kunce samariya da bikin matasa na ƙasa sun sa kowace jiha ta fito da mawaƙanta, har yau tsofaffin 'yan samariya na iya rera miki waƙoƙin baiti baiti.

Mata kuwa su ne ma sunka fi riƙe waƙa, ta daka, ta niƙa, ta reno, ta gaɗa a dandali, kiɗin ƙwarya da shantu a cikin gida inda namiji ba ya shiga, shi ya sa ba a ɗauki mafi yawansu ba. Wadda ta fito fili kowa ya sani ita ce Barmani Coge ta Funtuwa mai amada, ta rasu a 2013, ta yi ta ce ma mata su kama sana'a tun ba a fara taro a kan maganar ba. Nan Yamai kuma akwai Hawa Zale da Buli Kakasi da Zabarmanci, tambayi duk wata tsohuwar unguwarku za ta gaya miki.

TAMBAYA: Kawu a raba mu gardama a fadarmu, kullum in an ɗora shayi sai an yi ta. Shata da Ɗanƙwairo wa ya fi?
'Yan fada, Tawa

AMSA: Samari sannunku da shayi. Ba fage ɗaya sunka yi kokowa ba. Ɗanƙwairo tsari ne, a zauna a shirya waƙa, 'yan amshi su haddace, muryoyi su hau kan juna ba kuskure. Shata kuwa nan take yake ƙera magana, amshi guda ne ake ta maimaitawa shi yana zuba baiti, ya yi ma sarki ya yi ma direba ya yi ma ɗan kasuwa har ya rasu a 1999. In yawan waƙa da kaiwa ko'ina ne Shata, in daɗin amshi ne Ɗanƙwairo. Ni dai in kun matsa mani, wajen zurfin Hausa Narambaɗa nike sa wa gaba da su duka biyun.

TAMBAYA: Barka da aiki Kawu. Babanmu tsohon ma'aikaci ne, yana yawan zancen rumba da orkes na zamaninsu, ya ce mu yanzu inji ke yi mana kiɗi. Wane iri ne rumba, kuma mi ya bambanta shi da rege da kiɗin Fela?
Mai kabu-kabu, Yamai

AMSA: Yawwa ƙanena, Allah shi tsare hanya, a gaida Baba. Rumba ta Kongo ce, faifan Kuba ne sunka shigo Kinshasa mutanen can sunka ji kamar kiɗinsu ne ya je ya dawo, sai sunka ɗora shi kan gita da harshen Lingala. Alamarta gita biyu ko uku suna zance da juna, a fara a hankali sannan a ƙarshe a saki kiɗi don rawa, manyanta Franco da OK Jazz da anka kafa a 1956, da Tabu Ley. A wancan zamani kuma Gine na da Bembeya Jazz, Mali na da Rail Band ta tashar jirgin ƙasa ta Bamako inda Salif Keita ya fara a 1970, su waƙoƙin maroƙan Mande sunka zuba cikin gita da ƙahoni. Waɗanga su ne ma'aikatan Yamai ke rawa da su daren Asabar, orkes ɗinmu na farko ma da kwaikwayonsu sunka fara.

Rege daga Jamaika ya fito ƙarshen shekarun 1960, bas mai nauyi, gita na sara a tsakanin bugu, maganar kuma ta talaka da zalunci, Bob Marley da ya rasu a 1981 shi ya kai shi duniya, nan gida Adams Junior ya riƙe shi. Fela na Legas kuwa waƙa guda sai ta cinye fuskar faifai, ganguna da ƙahoni su daɗe suna yi kafin ya buɗe baki, in ya buɗe kuma gwamnatin soja ce zai caccaka, ya sha ɗauri a kan haka, ya rasu a 1997. Maganar Baba akwai gaskiya ciki, a da mutum goma ke tsayawa kowa da abin kiɗinshi sai sun saba da numfashin juna, yanzu yaro ɗaya da kwamfuta ya gama komi a ɗaki. Amma ban yarda a ce na yanzu duk banza ne ba, ga Mdou Moctar ɗan jihar Tawa da hannunshi yake kaɗa gita, har Amurka ana cika fili don a gan shi.

TAMBAYA: Kawu mahaifinmu ya rasu ya bar kwali cike da kaset, wasu ma shi ya ɗauka da kanshi wajen biki da kokowa. Yayyena sun ce a zubar. Mi kake gani?
Wata ɗiyarka, Tawa

AMSA: Allah shi jiƙan Baba shi gafarta mashi. Ɗiyata don Allah kada a zubar, musamman waɗanda ya ɗauka da kanshi, na Shata ana samu ko'ina amma na makaɗin garinku wataƙila kwalin nan kaɗai ya rage da shi a duniya. Ki fitar da su daga ɗakin kwano mai zafi, ki nisanta su da rana da ƙura da lasifika don maganaɗisun da ke ciki yana goge sauti. Kada ki sa su a tsohuwar rediyon da ke cin zare, ki fara juya kowace da biro a hankali ki ga ba ta manne ba. Sannan ki nemi masu sutudiyo ko masu tura waƙa a kasuwa waɗanda ke da na'urar juya kaset zuwa kwamfuta, a zuba miki a katin memuwa biyu, ɗaya wajenki ɗaya wajen wani ɗan'uwa. Kafin nan ki zauna da Inna ko abokan marigayin a saurara tare, ki rubuta sunan mai waƙar da garin da bikin wa anka yi a jikin kowace kaset, su kaɗai za su gane muryoyin.