Amsa kan sunan Tumadir: yadda ake furta shi da ƙarancinsa

'Yar'uwa, Allah ya raya jaririya. Kin tambaya ko sunan Tumadir ya yaɗu, da kuma yadda ake kiransa daidai.

Gaskiya bai yaɗu ba. Ni dai sau ɗaya na taɓa haɗuwa da mai shi, wata yarinya a ajinmu, kullum malami ya zo kanta a rajista sai ya tsaya ya gyara tabarau kafin ya kira. Amma suna ne mai asali. Shi ne ainihin sunan Khansa'u, Tumadir 'yar Amru, mawaƙiyar Larabawa da ta shahara da waƙoƙin makokin ɗan'uwanta Sakhru. Laƙabinta ne ya danne sunan. Haka kuma matar Abdurrahman ɗan Aufu, mahaifiyar Abu Salama, sunanta ke nan.

Furucin gaɓa uku ne: Tu-maa-dir. A ja "maa", "tu" kuwa gajere. Inda gizo ke saƙa shi ne harafin "d". A Larabci ض ne, wanda bakinmu ya saba mayarwa "l", kamar yadda muka samu alƙali da alwala da lalura. Don haka kada ki yi mamaki idan dattawa suka ce Tumalir, wasu kuma su ƙara wasali a ƙarshe, Tumadiru.

Ni sunan ya kwanta mini ƙwarai. Shawarata, ku tsayar da rubutu ɗaya tun daga takardar haihuwa, kada na makaranta da na fasfo su saɓa, don gyaran nan yana da wahala.